Da Inna Aka Gwada Allurar

Shekarar da aka kawo allurar korona ni nake wanke Inna. Aurena yana Malbaza, amma da rani ya kama sai na roƙi maigidana ya bar ni in koma ƙauyenmu, can bayan Bazaga, in yi jinyar uwata ko na ɗan lokaci ne. Ya yarda da ƙyar, ya ce kafin ruwan shuka in dawo ɗakina. Na ce to.

Ciwon Inna ba irin wanda ake nunawa da yatsa ba ne. Hankalinta ne ya riƙa tsiyaya. Tun tana manta inda ta ajiye ludayi, har ta koma manta ta ci abinci, har ta manta ni. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana ɗaukar ƙwaryar nono zuwa kasuwar Ƙonni, wadda ba a taɓa ƙwararta ko da rabin ludayi ba, ita ce ta koma tana ɓoye tuwo a cikin zane wai na maraƙi ne. Da sunan ƙanwarta take kirana, wadda ta rasu tun ban yi wayo ba. Da farko ina gyara mata, daga baya na gaji na riƙa amsawa.

Gidan yana hannun Yaya, babban wanmu, tun rasuwar Baba. Kafin in zo matarsa ce ke kula da Inna, kuma ba zan ci haƙƙinta ba, ta sha wanki. Wanda bai taɓa wanke babban mutum da ya ɓata jikinsa yana zaginsa ba, bai san abin da ake nufi ba. Amma bakin matar Yaya ya ɓata mata ladanta. "Tsohuwar ga" take ce wa Inna, a gabanta, kuma in za ta shiga maƙwabta sai ta ɗaure ƙofar ɗakin da igiyar jaki. Mutanen gari kuwa sun daɗe da binne Inna a zuciyarsu. Matan da ta yi wa wankan jego da hannunta sukan shigo gidan aron turmi, su wuce ƙofarta ba ko sannu.

Da maganar allura ta zo, gari ya ɗauka. Wani ya ce jini take daskararwa. Wani ya ce hannu ke shanyewa. Wani ya ce ɗan'uwansa da ke Najeriya ya ga wanda aka yi wa da safe, aka yi masa salla da la'asar. Maigari ya sa aka yi shela a je gidan likita, ba wanda ya motsa, shi ma kansa bai motsa ba. Ni ma na yarda da duk abin da ake faɗa, ba zan yi ƙaryar wayewa ba. Yaya ya fi kowa yarda, sai dai shi yana da matsalar da sauran ba su da ita. Ya riga ya sayar da bijimai ya sa ransa a Makka, sai ga labari cewa in an buɗe hanya, ba mai hawa jirgi sai da allurar a jikinsa. Ya rame a tsaye. Yana son Makka, yana son ransa.

Wata safiya ya aika a kira ni. Na same shi a bakin turke yana kwance shanu.

"Gobe ki shirya Inna da sassahe," ya ce, bai ko ɗago ba. "Za mu kai ta likita."

"Mi yas same ta?"

"Ba komi. Allurar ga za a yi mata."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Allurar da kai da bakinka kac ce tana kashe mutane?"

"Ban ce tana kashewa ba. Na ce ba mu sani ba. To ta ina za a sani?" Ya naɗe igiyar a hannunsa. "Ke kin manta yadda Baba ka yi in masu allurar shanu sunka zo?"

Ban manta ba. Duk wanda ya tashi a gidan shanu a yankinmu ya san wannan. In ma'aikata suka zo da sabuwar allurar dabbobi wadda ba a san ta ba, ba a kai musu garke. Kafin gari ya waye an kora shanun kirki bayan fadama. Sai a zaɓi guzuma, tsohuwar saniyar da ta daina haihuwa, haƙora sun zube, nono ya ƙafe, a ja ta ita kaɗai a kai. Bayan nan a ɗaure ta a gindin bishiya a sa mata ido. A duba ko tana tuƙa, a duba kashinta, a taɓa wurin allurar ko ya kumbura. In ta miƙe lafiya sai a fito da sauran. In ta faɗi, ba a yi asarar komai ba. Ba wanda yake ganin mugunta a ciki, dabara ce, kuma ana yaba wa mai ita. Na sha bin Baba a baya yana jan irin wannan saniyar, ina tsalle don za ni kallo.

Na ce, "Yaya, uwarka ta hwa."

"Uwata ta. Shi ya sa ni ka yanke magana, ba ke ba." Ya faɗe shi a hankali, kamar mai yi mini karatu. "In tana da sauran kwana allura ba ta kashe ta. In babu, ko ba allura tahiya za ta yi."

"To kai ma hakanan na. Tahi a yi maka."

Sai a lokacin ya dube ni. "Ni ina da iyali," ya ce.

Na faɗa masa maganganun da ƙanwa ba ta faɗa wa wanta. Ya bar ni na gama, ya kora shanunsa ya fita. Daga nan na nufi gidan Kawu, ƙanin Inna, wanda ta goya a bayanta. Ya saurare ni yana ɓare goro, ya ce ɗanta ya fi shi iko da ita. Da na tashi tafiya ya kira ni, na juyo da murna ina zaton ya sake shawara. Cewa ya yi in an yi, in riƙa aiko masa da labarin jikinta, don 'ya'yansa ma suna tambaya.

Washegari na wanke ta, na ɗaura mata zanenta mai kyau ina kuka. Da ta ga an ɗaura wa jaki amalanke sai ta ɗauka kasuwa za mu, ta ce ina ƙwaryarta. Na ɗauko wata ba komai a ciki na ɗora mata a cinya, ta rungume. Muka ratsa gari. Maza na zaune a ƙofar masallaci, suka miƙe suna ce wa Yaya Allah shi saka, ya yi wa gari kirki. Shi kuma yana amsawa da sunkuyar da kai, kamar wanda ya ba da sa a yanka wa jama'a. Inna tana ɗaga musu hannu.

Gidan likitan ba kowa sai malamar asibiti guda, wata mai ƙiba da fara'a, tana korar ƙuda da kwali. Ta yi murnar ganinmu har ta taso ta kama Inna muka sauke ta. Ta durƙusa a gabanta ta ce, "Inna, allurar rigakahi za ni yi miki. Kin yarda?"

Inna ta buɗe ƙwaryar ta ce nonon na yau ne, ta ɗanɗana ta ji.

"Ta yarda," in ji Yaya.

Na ce, "Ba ta san abin da kike hwaɗi ba. Ko ni ba ta sani ba."

Malamar ta tambayi wa ke da iko da ita, Yaya ya ce shi ne ɗanta babba. Sai ta juyo gare ni, don ta ga idanuna. Ta ce in kwantar da hankalina, cutar nan tsofaffi ta fi kayarwa, dominsu aka fara kawo allurar. Ta janye hannun rigarta ta nuna mini inda aka yi mata tata. Ta ce uwarta ma an yi mata, tana nan tana faɗa da jikoki. Ban gaskata ta ba, amma na so in gaskata.

Yaya ne ya riƙe hannun. Da allurar ta shiga Inna ta zabura, ƙwaryar ta faɗi ta gangara ƙarƙashin benci. Ta dubi ɗanta na fari tun daga hula har takalmi ta ce, "Kai bawan Allah, mi niy yi maka?"

Yaya ya saki hannun. Malamar ta ce guda ba ta isa, in lokaci ya yi a dawo da ita a yi ta biyu. Sannan ta ɗauko wata allurar ta ce, "Kai hwa malam, tunda ka zo?" Yaya ya ce shi sai wani zuwa, jaki na rana.

Da la'asar zazzaɓi ya rufe Inna. Ina zaune ina jiƙa tsumma ina sa mata a goshi, sai na ji daka a tsakar gida, ba ta turmi ɗaya ba. Na leƙa. Matar Yaya ce da maƙwabta suna sussukar hatsin da gidanmu ba zai cinye ba ko da wata zai yi yana ci. A kan igiyar shanya kuma ga farin ƙyallen likkafani da Inna ta saya wa kanta tun tana da hankali ta ajiye a ƙasan akwati. An ciro shi ya sha iska.

"Hatsin mi na wanga?" na ce.

Matar Yaya ta share gumi da bayan hannu. "In baƙi sunka cika gida hwa, mi za mu ba su? Ke za ki daka lokacin?"

Na fizge ƙyallen daga igiya na koma ɗaki da shi. Ba su daina dakan ba.

Gari ya waye zazzaɓin ya sauka. Inna ta tashi ta ce yunwa take ji. Ban gama dama mata kunu ba na ji sallama, sai ga mata sun cika ƙofa, matan nan da ke wuce ta ba sannu. "Inna, an tashi lahiya? Ina gajiya? Ya jikin?" Suka zauna a tabarmarta har gwiwarsu na taɓa tata. Ɗaya ta ce a nuna musu hannun. Na ƙi, amma Inna da kanta ta miƙa, don ta ga an kewaye ta ana murmushi. Suka danna wurin, suka shinshina. Wata ta fito da cokali daga haɓar zane ta manna a kai, wai an ce ƙarfe na kamawa. Cokalin ya faɗo, Inna ta yi dariya har da tafi.

Haka aka yi ta yi, safe da yamma. Maza su tsaya daga bakin ƙofa su gaishe ta su kasa kunne su ji ƙarfin muryarta. Mata su shigo da ɗan abin hannu don kunya, wannan goro, wannan dabino, wannan fura. Ranar kasuwa har daga wasu ƙauyuka ake aiko tambaya, tsohuwar nan tana nan? Kawu bai jira aikena ba, da ƙafarsa yake zuwa. Yaya kuwa kullum kafin ya fita sai ya shigo ya ja fatar idonta ƙasa ya duba, ya tambaye ni ko ta ci, ko ta zagaya, kuma yaya kashin yake. Tun da ta kwanta bai taɓa daɗewa a ɗakinta haka ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna ta farfaɗo. Ita a ganinta suna ake yi a gidan. Matar da sai mun yi kokawa kafin ta yarda ruwa ya taɓa ta, ita ce ke tashina tana cewa in yi sauri in wanke ta, baƙi na tafe. Ta nemi kwalli. Ta daina ɓoye tuwo, ta riƙa cinyewa. Wata rana ta dubi wata maƙwabciya ta kira ta da sunanta daidai, ta ce mata har yanzu miyarta salam take ko ta koyi sa daddawa. Ɗakin ya ɗauki dariya, ni ma na yi, sannan na fita bayan rumbu na yi kuka mai isata. Na san abin da ya kawo su. Kowace in ta shigo sai ta ɗan tsaya a ƙofa ta leƙa tukuna, ta ga ko a zaune Inna take ko an rufe ta da zane. Sau nawa na yi niyyar korarsu da muciya. Sai in dubi fuskar uwata in fasa, don rabon da in ga haƙoranta a waje har na manta.

Da sabon wata ya tsaya Inna tana nan daram, har ta ɗan yi kumatu, Yaya ya hau babur ya je aka yi masa tasa. Ya dawo yana nuna hannu a ƙofar masallaci. Maigari ya bi, wasu suka bi. Ni ma na je, kuma a lokacin na yarda da maganar malamar har zuciyata. Hatsin da aka sussuka muka riƙa cinsa a tuwo. Sallama kuwa ta ɗauke daga ƙofar Inna rana ɗaya, kamar an rufe famfo.

Ita ba ta san an gama ba. Kullum da safe sai ta ce in wanke ta, in sa mata kwalli. Da ta ga ɗaki shiru sai ta ce a fitar da ita, wataƙila baƙin ba su gane ɗakin ba. Na riƙa shimfiɗa mata tabarma a ƙofar gida. Duk wanda ya gifta sai ta janye mayafi ta miƙa masa damtsenta, don ta koyi cewa abin da baƙi ke so ke nan. Wasu su ce sannu Inna suna tafiya. Yawanci su kau da kai.

Ana haka masu allura suka zo har garinmu, suka kafa tebur a gindin bishiyar da ke gaban lakwal, makarantar boko. Daga ƙofarmu ana hango su. Na je na sami Yaya na ce lokacin ta biyu ya yi, ya kama mini Inna mu kai ta, ko ya ba ni amalanke.

"A bar tsohuwa ta huta," ya ce. "Kada a wahalshe ta."

"Ran da kaɗ ɗauke ta cikin rana har likita ba ta wahala ba? Sai yau da a ka hangen wurin daga nan?"

Matar Yaya tana tankaɗe a gefe. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ke ruwa na sauka za ki kama hanyar Malbaza. In anka ƙara mata ƙarhi, wa za a bar ma wankin?"

Na tsaya ina jiran Yaya ya tsawata mata. Ya ci gaba da gyaran takalminsa.

Inna ba ta iya tafiya mai nisa, ni kuma ba na iya ɗaukarta ni kaɗai. Na shiga gida biyu neman mai kama mini, kowa ya ce sai da izinin Yaya. Sai na tafi gindin bishiyar da kaina. Malamar nan ce, ta gane ni, ta tambayi mai nono. Da jama'a suka ragu ta ɗauki ɗan akwatin sanyinta ta biyo ni. Muna isowa muka tarar an shigar da Inna ciki, an naɗe tabarmar, Yaya yana tsaye ya cika ƙofa.

Ya gaishe ta da ladabi, ya yi mata sannu da rana. Ta ce tsohuwa ta zo ƙarasa wa allura. Ya ce sun gode, amma a bar ta. Malamar ta yi masa bayani a fili, cewa in ba a yi ta biyu ba kariyar ba ta da ƙarfi, kuma irin Inna ne cutar ke ɗauka. Ya saurara har ta kai aya yana gyaɗa kai.

"Na ji, malama," ya ce. "Amma abin da za ta yi muna ta riga ta yi shi."

Malamar ta dube ni, na dube ta. Ba ta da ikon shiga gidan mutum yana tsaye a ƙofa ya ce a'a. Ta juya da akwatinta. Ba a jima ba matar Yaya ta yafa mayafi ta bi bayanta, ta je aka yi mata tata. Na tsani wana a ranar, kuma har yau da ake ce masa Alhaji ban huce ba.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, maigidana ya aiko ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni. Na roƙa a ba ni Inna in tafi da ita, Yaya ya ce uwa ba ta barin gidan ɗanta namiji ta koma gidan suruki, me mutane za su ce. Ranar tafiya na wanke ta wanka mai kyau, na yanke mata farce, na sa mata kwalli har ya yi yawa. Na shimfiɗa mata tabarma a ƙofar gida, na koma ciki na ɗauko ƙullin kayana.

Da na fito da mayafin tafiya da kaya a kai, ba ta ga ƙanwarta ba, ba ta ga 'yarta ba. Baƙuwa ta gani. Fuskarta ta washe, ta gyara zama da sauri.

"Maraba, maraba," ta ce. "Kun daɗe ba ku zo ba."

Ta janye mayafi ta miƙo mini damtsen. Wurin ya daɗe da warkewa, ko tabo babu. Na sauke kayan na durƙusa, na danna da yatsa yadda suke yi, na ce ya yi kyau, Inna.

"Gobe ma ki zo," ta ce. "Ki gaya ma sauran ina nan."

Na ce to. Mai babur ya riga ya tayar da inji.